Sharhi: Wa Ke Biyan Kuɗin Sa'o'in da Ke Tsakanin Duti Biyu a Otal-otal da Gidajen Abinci?

Sanin kowa ne cewa harkar otal da gidajen cin abinci ba ta tafiya bai ɗaya daga safe zuwa dare. Akwai lokacin karin kumallo da na abincin rana da na dare, inda jama'a ke cika wuri har ma'aikata su rasa inda za su sa kansu, sannan akwai sa'o'in da teburori ke zama wayam. Wannan ne ya sa masu irin waɗannan wurare suka daɗe da fito da dabarar raba wa ma'aikaci dutinsa gida biyu, wato ya yi aiki daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, a sallame shi, sannan ya dawo daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 10 na dare. A takarda sa'o'i takwas ya yi, amma a zahiri sa'o'i goma sha biyu na yininsa sun tafi ga wurin aikin. Sa'o'i huɗun nan na tsakiya ba kyauta ba ne, dole wani ya ɗauki nauyinsu, ko mai wurin ko ma'aikacin, kuma a kan wannan muke son yin tsokaci.

Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka tana daga cikin wuraren da doka ta fayyace wannan batu. Dokar albashi mai lamba 5 ta shekarar 2001, wadda ta shafi otal-otal da gidajen abinci, ta tanadi cewa duk ranar da mai wuri ya raba wa ma'aikaci dutinsa da tazarar da ba ta hutun cin abinci ba ce, wajibi ne ya ƙara masa kuɗin sa'a ɗaya bisa mafi ƙarancin albashi, sai dai idan ma'aikacin a wurin aikin yake kwana. A shekarar 2025 mafi ƙarancin albashi a jihar dala 16.50 ne a sa'a. Ke nan mai dafa abincin da ya yi sa'o'i takwas a jere zai karɓi dala 132, amma idan aka raba masa su zai karɓi dala 148.50, ƙarin kashi 12.5 cikin ɗari ba tare da an dafa ko faranti ɗaya na ƙari ba. Gidan abincin da ke da irin waɗannan ma'aikata goma, kowanne yana yin kwana biyar a mako, zai kashe ƙarin dala 825 a mako, wato dala 42,900 a shekara.

Sai dai kuma ba kowane ma'aikaci ke samun wannan ƙari cikakke ba. A shekarar 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, a shari'ar Aleman da kamfanin AirTouch Cellular, ta yanke cewa duk abin da ma'aikaci ke samu sama da mafi ƙarancin albashi ana cire shi daga cikin ƙarin. Wanda ake biya dala 17 a sa'a zai samu dala 136 a sa'o'i takwas, don haka cikon dala 12.50 kawai yake bi. Wanda kuma ake biya dala 19 ya riga ya haura dala 148.50, saboda haka ba ya bin komai. Abin lura a nan shi ne dokar ta fi kare na ƙasa, masu wanke kwanuka da masu share ɗakuna, waɗanda su ne suka fi jin raɗaɗin zirga-zirga sau biyu a yini.

Jihar Niyok kuwa wata hanya ta bi. Dokar albashin ma'aikatan otal da gidajen abinci da ta fara aiki a farkon shekarar 2011 ba ta duba tazarar tsakiya, tsawon yinin take dubawa. Matuƙar tsakanin lokacin da ma'aikaci ya fara aiki da lokacin da ya tashi ya wuce sa'o'i goma, to ya cancanci ƙarin kuɗin sa'a ɗaya, komai yawan albashinsa.

Babu shakka masu wuraren na da hujjar kokawa. Ribar gidan abinci ba ta da kauri, kuma a Kalifoniya ma'aikacin da ya wuce sa'o'i takwas a yini ana biyan sa ninki ɗaya da rabi, wanda ya wuce goma sha biyu kuma ninki biyu. Saboda haka manaja na tsaka mai wuya: ko ya raba duti ya biya ƙari, ko ya riƙe ma'aikaci har dare ya biya kuɗin ƙarin lokaci, ko ya ɗauki mutum biyu na wucin gadi, ɗaya na rana ɗaya na dare. Wannan zaɓi na uku yana iya rage wa ma'aikaci yawan sa'o'in da yake samu, ya koma neman aiki a wuri biyu. Duk da haka, amfanin dokar a fili yake, domin ta sa wa lokacin jira farashi, ta yadda manaja ba zai raba duti ba sai ya yi lissafi ya ga dole ne.

Idan muka waiwayo gida Nijeriya, za mu ga cewa Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 13, ta bar tsayar da sa'o'in aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi, ko tsakanin ƙungiya da masu wuri. Ta tanadi hutun aƙalla sa'a ɗaya ga wanda ya yi sa'o'i shida ko fiye, da kuma hutun yini guda a kowane mako, amma ba ta yanka wani ƙari na musamman ga dutin da aka raba ba. Bugu da ƙari, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai zama wajibi a kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan gidajen abinci da masaukan baƙi da dama a wannan rukuni suke. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikacin da ke komawa gida da rana yana biyan kuɗin mota sau huɗu maimakon biyu, wanda ya ƙi komawa kuma ya zauna a bayan kicin ba aiki ba hutu, ba kuma sisi. A nan, ma'aikacin ne ke biyan kuɗin sa'o'in tsakiya daga aljihunsa.

A saboda haka muke ganin gyaran na iya farawa tun kafin a sauya doka. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa, wadda ta ƙunshi albashi da sa'o'in aiki. Muna kira ga masu otal-otal da gidajen abinci da su rubuta tsarin duti ƙarara a cikin wannan takarda, su sanar da jadawali tun da wuri, su kuma yanka wani abu, ko na mota ko na abinci, ga duk ranar da aka raba duti, musamman a watan azumi da aiki ke karkata zuwa buɗa-baki da sahur. Haka zalika muna kira ga ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa da ta sanya wannan batu a teburin tattaunawa, domin wurin da ke riƙe ƙwararrun ma'aikatansa shi ne ke riƙe baƙinsa.