Mataccen batir: dukiya ce ko ajali?

Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole. Gwanayen da suka cancanci yabo a wannan mako su ne masana'antun da ke karɓar mataccen batirin mota su maida shi sabo, maimakon a yar da shi bisa juji.

Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, sauran kuwa roba ce da ruwan batir mai cin fata. Dalma guba ce: in ta shiga jinin yaro takan dakushe masa ƙwaƙwalwa, in ta yi yawa ta yi ajalinsa. Amma tana da hali guda mai kyau, domin ko sau nawa aka narka ta darajarta ba ta raguwa.

A Amurka, kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura suna komawa masana'anta. Inji ne ke farfasa su, a zuba cikin ruwa, roba ta taso, dalma ta nutse. Robar ta koma jikin sabon batir, dalmar a narka ta cikin tanderu mai tace hayaƙi. Ruwan batir kuma a kashe kaifinsa, ko a maida shi wani gishiri da ake sawa cikin garin sabulu. A jihohi da dama, wanda ya sayi sabon batir bai kawo tsoho ba sai ya ajiye ƙarin kuɗi, a maida masa ranar da ya kawo.

Sai dai ba duk mai narka dalma ne gwani ba. A Caroy, kusa da Dakar, inda ake fasa batura da hannu cikin unguwa, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Ko a Amurkar, an rufe masana'antar kamfanin Exide kusa da Los Anjalis a 2015, bayan ta gurɓata unguwannin da ke kewaye da ita. Ke nan yabo na wanda ya tsare hayaƙinsa da ma'aikatansa ne.

Zancen ya shafi Nijar kai tsaye. Daga Yamai zuwa Damagaram, motoci da babura da na'urorin hasken rana duka da batir suke aiki, kuma kowane batir yana da ranar mutuwa. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma wadda ke tarawa cikin garaji sai ƴan ƙasa sun tashi kanta.

Ɗan kasuwar da ke sayen tsofaffin batura ya kamata ya adana su a rufe, nesa da yara da rijiya, kada ya tsiyaye ruwansu ƙasa, kuma ya tambayi inda kayansa ke ƙarewa. Ma'aikacin muhalli da na duwan su tantance masu saye, a san na ƙwarai a ba su hanya. Rigakafi dai ya fi magani.