Kiwon Cikin Gida: Shimfiɗar ɓeran Masar da zomo

 Yau maganarmu ta ƙananan dabbobi ce, ɓeran Masar da zomo, da abin da ya kamata a shimfiɗa musu a ƙasa. Wata za ta ce, shimfiɗa kuma? Ai dabba ce. To, ki tuna kuɗin da kika sayi dabbar nan bashin asusu ne, kuma ranar biya ba ta jiran kowa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tsarin bai canza ba: ki ɗauka, ki juya, ki maido da ɗan abin da aka yarje. In dabbobin suka mutu a wata na biyu, bashin yana nan, ga kunya gaban ƙungiya. Sau da yawa kuwa abin da ke kashe su ba ƙarancin abinci ba ne, jiƙaƙƙiyar ƙasa ce da suke kwana a kanta.

Ɓeran Masar dai ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andes ne, wajen ƙasar Peru, wuri mai sanyi. Faransawa suna kiransa da sunan alade, amma ba shi da dangantaka da alade ko kaɗan. Ana kiwonsa sosai a Kamaru da gabashin Kwango. Macen tana ɗaukar ciki wata 2 da ƴan kwanaki, ta haifi 2 zuwa 4, zomanya kuwa kwana 31 ne. Jikin ɓeran Masar ya fi son yanayin da bai wuce digiri 24 ba, in zafi ya haura 30 yana cikin haɗari. Mu kuwa a Damagaram, watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Saboda haka wadda ba ta da ɗakin ƙasa mai sanyi ko inuwa mai kauri, gara ta tsaya kan zomo, shi ma da kulawa. Wadda za ta fara, ta fara da kaka, kada ta fara da bazara, kuma kada ta ajiye su ƙarƙashin rufin kwano.

Sai maganar ƙasan kejin. Kejin raga na waya yana da daɗin shara, kashi na zubewa ƙasa. Amma tafin ƙafar ɓeran Masar ba shi da gashi, waya tana cin ƙafar har ta kumbura ta yi gyambo. Shi ƙasa mai daɓe yake so. Mutanen Peru kan gina musu ɗan gurbi da tubalin ƙasa, mu ma muna da tubali. Ba ya hawa, ba ya tsalle mai nisa, katanga mai tsawon kamu guda ta isa, sai dai a rufe sama da raga saboda mage da gafiya. Zomo yana da gashi a tafin ƙafa, ya fi jure raga, amma shi ma a sa masa guntun katako inda zai huta.

A Turai suna shimfiɗa musu zane mai kauri, su wanke a inji duk bayan ƴan kwanaki. Wannan ba namu ba ne. Duk macen da ke zaune a Birni ko Zango ko Garin Malam ta san yadda ruwa ke wuya in bazara ta yi, ta san kuɗin bido wajen mai garuwa. Shimfiɗar da za ta ci ruwan wanki ta cinye ribar tun ba a sayar ba. Mu abin da muke nema shi ne wanda zai tsotse fitsari, a kwashe, a kai garka.

Ɓawon gyaɗa shi ne na gaba. Da kaka yana samuwa a wajen Matamai da Kance da Magarya, da wajen mata masu ɓarar gyaɗa don mai da ƙuli-ƙuli. Ba shi da ƙura da yawa, iska na ratsa shi. Aibinsa ɗaya: in ya jiƙe ya daɗe yana yin fumfuna, fumfunar gyaɗa kuwa guba ce ga hanta, dabbar kuma tana gwaguyar abin da ke ƙarƙashinta. Duk wanda kika ga ya yi baƙi ko kore, ko yana warin ruma, kada ya shiga keji.

Busasshiyar ciyawa, kamar kyasuwa, tana da taushi, suna kwanciya a kai, suna ci, suna ɓuya a ciki. Sai dai ba ta shan fitsari sosai, don haka a sama ake sa ta. Ki zauna ki tsince ƙarangiya kafin ki zuba, don tana maƙalewa a gashi, tana soke ido da baki. Harawa kuwa abinci ce mai tsada, ki rataye ta a gefe, kada ki bari su tattake ta.

Wajen kafinta akwai abu biyu, kada ki haɗa su. Sassaƙen katako mai faɗi, wanda ke fita a nannaɗe, yana da kyau, yana shan ruwa. Garin katako mai laushi kuwa yana shiga hanci da ido, ya kawo atishawa da ciwon huhu. Ki tambayi kafintan ko katakon an shafa masa fenti ko maganin gara, in an shafa, ki bar masa abinsa. Ƙaiƙayin gero ma haka yake, ga shi ko'ina bayan sussuka, amma wadda ta taɓa shiƙa ta san abin da yake yi wa fata da ido. Yadda yake miki haka yake yi wa dabbar da hancinta ke ƙasa wuni guda.

Ga yadda za ki jera. A ƙasa ki zuba rairayi busasshe kamar yatsa 2, a kansa ɓawon gyaɗa ko sassaƙen katako kamar yatsa 3 zuwa 4, a sama ciyawa. Da bazara ki rage ciyawar, ki bar wani gefe rairayi kawai, ki ajiye tulun ruwa a kan tsohon faranti, za ki ga sun kwanta a jikinsa suna shan sanyi, farantin kuma ya tare ɗigon. Da hunturu ki ƙara ciyawa, ki tare gefen da iska ke bugowa da buhu ko zana. Da damina ki ɗaga wurin daga ƙasa, ki riƙa canji da wuri.

Ki lura da inda suke fitsari. Zomo kan zaɓi kusurwa guda, ɓeran Masar kuma ya fi yi inda yake cin abinci da inda yake ɓuya. Nan za ki kwashe kowace safiya, ba sai kin zubar da duka ba. Sau ɗaya a mako ki kwashe komai, ki barbaɗa toka a daɓen, ya bushe, ki share tokar sarai sannan ki zuba sabuwa. Ki durƙusa ki shinshina a daidai inda hancinsu yake. In zarni ya bugi idonki, kin makara. Ragowar ganye ma, zogale ko salati ko kabeji, ki kwashe da yamma. Ganye ɗanye dole ne ga ɓeran Masar kullum, don jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, amma in ya kwana a shimfiɗa ruɓewa yake ya kira ƙudaje. In kin ga majina, ko gudawa, ko ƙafa ta kumbura, ki ware dabbar, ki nemi ma'aikacin kiwo.

Abin da kika kwashe kada ki kai juji. Ki tara a rami ya ruɓe, taki ne mai kyau ga zogalenki, in ya yi yawa masu garka irin na Mirya da Gidimuni suna buƙatar taki.

A zaman asusu mai zuwa, uwar ƙungiya ta kawo maganar nan. Masu kiwo su haɗa hannu su sayi ɓawon gyaɗa da ciyawa tun da kaka, a ɗora buhunan a kan duwatsu ko katako saboda gara da laima. Wadda za ta nemi bashin kiwo kuma a tambaye ta: ina za ki ajiye su, me za ki shimfiɗa, kin sa kuɗinsa cikin lissafi? In ta amsa, a ba ta da zuciya ɗaya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu ikon biyan bashi a kan lokaci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.