Taɓin hankali a Bazaga: ina likitan, wa zai biya?

A filin lafiya da muke gabatarwa a rediyo, wata tambaya ta faye dawowa daga masu saurarenmu na Bazaga da ƙauyukan Malbaza da Illela: ina za mu kai yaron da turamol ya juya wa kai, ko matar da ta daina magana bayan haihuwa, kuma gwamnati za ta ɗauki kuɗin? Amsar ba ta da daɗin ji, amma gara mu faɗe ta yadda take.

Likita iri biyu ne a wannan fanni. Akwai likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, akwai kuma sikolog, wanda maganinsa sauraro ne da zance. Jami'ar Abdu Mumuni tana horar da na biyun, sai dai akasarinsu Yamai suke zama, ko kuma ƙungiyoyin agaji su ɗauke su aikin 'yan gudun hijira. Mutumin Bazaga kuwa daga CSI yake farawa, a tura shi asibitin Birnin Ƙonni, daga nan Tawa. In abu ya yi tsanani, sai Pavillon E na babban asibitin Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 400. Kuma mai wannan lalura ba ya tafiya shi kaɗai, dole a biya wa mutum biyu ko uku mota, ga ci, ga makwanci.

To, batun inshora fa? Tun daga dokar 1995 ta biyan kuɗin magani, wadda ta biyo bayan tsarin Bamako na 1987, talaka daga aljihunsa yake biya. Kyautar da aka shigo da ita a 2005 da 2006 ta shafi tiyatar haihuwa, awon ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5; saurayi mai shekara 20 da hankalinsa ya gushe ba ya cikin lissafin. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar da ke rage masa kuɗin asibiti. Asusun CNSS kuwa fansho ne da haɗarin aiki da kuɗin iyali na masu albashi. Manomin albasa da mai kabu-kabu ba su da ko ɗaya.

Shi ya sa mutanenmu da dama suka fi sanin Kware, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya da ke kan hanyar Sakkwato. Ya fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, Hausa ake yi, ga shi naira ta faɗi tun 2023, sefa ta ƙara auki a can. Amma mun ga iyakar wannan dabara bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Maganin taɓin hankali da na farfaɗiya ba a yanke su rana ɗaya. In aka yanke, ciwon kan dawo, wani lokaci fiye da da.

Ba za mu ga laifin wanda ya nufi malami mai ruƙiyya ko 'yan bori ba. Suna kusa, suna saurarenka, kuma suna haƙuri har a sayar da wake. Abin da muke ƙi shi ne mari a ƙafa da bulala.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa malaman asibiti na karkara gane waɗannan cututtuka da ba da magungunan farko. A ganinmu nan ya kamata kananan hukumominmu da shugabannin lafiya na Tawa su dage: kowace CSI ta samu wanda aka horar, maganin ya kasance a kantinta a farashi mai sauƙi, sikolog kuma ya riƙa zagayowa ko da ranar kasuwa ce. In an tashi faɗaɗa kyautar magani, a sa masu taɓin hankali a jerin farko, domin su ne marasa lafiyar da ba za su iya zuwa ofis su nemi haƙƙinsu da bakinsu ba.