Hutun da Bai Isa Zuwa Gida Ba, Ya Isa Zuwa Badagiri

Duk lokacin da aka ba da hutun kwana uku ko huɗu, irin na Ista ko na Kirsimeti, 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu sukan rabu gida biyu. Waɗansu su cika mota zuwa Kano ko Sakkwato, su gaisa da dangi a tsaitsaye, su juyo a galabaice. Sauran kuwa sai su baje tabarma a Sabo ko Agege, a yi ta dara da shayi har hutu ya ƙare. Da wuya a ga wanda ya kwashi iyalinsa ya kai su ganin tsofaffin gidajen sarauta da kagarorin da ke bakin teku, wai don yawon buɗe ido aikin Bature ne mai kuɗin banza.

Wannan kuwa kuskure ne babba, domin tarihin Bahaushe kansa yana cikin waɗannan gine-gine.

Wanda ya yi sammako daga Ikko, kafin azahar ya isa Badagiri. Can ne gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845 yake tsaye har yanzu. Amma abin da ya fi cancantar kallo shi ne barikin bayi na Seriki Williams Abass, da 'yan ɗakunansa masu duhu inda ake cusa mutane kafin jirgi ya iso. Daga nan sai a shiga kwalekwale a haye zuwa Gberefu, a taka rairayin da bayi suka taka zuwa gaɓar teku. To, su wane ne aka bi da su ta wannan gaɓa? A farkon ƙarni na 19, da yawa daga cikinsu kamammun yaƙi ne daga ƙasar Hausa da Barno da Nupe. A 1807 hukumar Bahiya ta ƙasar Birazil ta gano shirin tawayen bayi Hausawa. A watan azumi na 1835 kuma bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, suka yi bore a birnin Salbado, har aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Yaron da aka haifa a Idi-Araba bai san wannan ba, ubansa ma bai sani ba.

Mai ɗan hali sai ya zarce Gana. Kagarar Elmina Turawan Fotugal ne suka gina ta a 1482, Turawan Holan suka ƙwace a 1637, sa'an nan ta koma hannun Ingilishi a 1872. A nan aka tsare Sarkin Ashanti, Prempeh na ɗaya, a 1896. Ɗakunan gwamna suna sama, iskar teku na kaɗawa, kurkukun mata yana ƙasa. A kagarar Kef Kos kuwa ɗakin ibadarsu ne a bisa kurkukun maza. Ba a bukatar dogon bayanin ɗan jagora, ginin ya isa. Kuma baƙo daga Ikko ba zai rasa masauki ba, gama zangon Hausawa ya daɗe a waɗannan garuruwa, kuma tun 1873 Kyaftin Gulofa ya kai sojan Hausa daga Ikko ƙasar don yaƙin Ashanti.

Za a ce ina kuɗi. Gaskiya ne tafiyar Gana tana da tsada, ga iyaka har uku, ga jami'ai masu son a ga hannu. Amma Badagiri fa? Kuɗin motarta bai kai na shaddar Sallah guda ba. Fadar Oban Ikko ma, watau Iga Idunganran, tana nan cikin tsibiri, 'yan kasuwa na wucewa kusa da ita kullum ba su ko waiwaya.

Laifin dai ba na talaka kaɗai ba ne. Sarakunan Hausawa na Kurmi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa sukan ɗauki hayar motoci in za a tarbi wani babba a filin jirgi. Mota guda ta 'yan makarantar Islamiyya, da malami ɗaya, da tukunyar dafa-duka, ba za ta gagare su ba a hutu mai zuwa.