TDB Ba Jarumta Ba Ce



Duk sanda jarrabawa ta ƙarato sai ka ji ana alfahari da abu ɗaya: "Wallahi kwana biyu ban runtsa ba." A sha shayi mai kauri, a ɗauki handawut, a tare a aji har kiran assalatu. TDB ke nan. Ni a ganina asara ce muke yi mata kirari, kuma ɗan abin da nake karantawa a digiri na biyu a kan ƙwayoyin halitta shi ya sa nake faɗin haka. Ku ɗan yi haƙuri da ni, zan yi bayani.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya da ake kira niyuron, kimanin biliyan 86. Kowanne yana da gangar jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar jela guda mai fitar da shi. A cikin jelar saƙon lantarki ne: sodiyam ya kutsa ciki, fotasiyam ya fice, a haka yake gudu har ƙarshe.

Sai dai jelar wannan ba ta manne da reshen wancan ba. Likitan Sifen Santiago Ramón y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, shi ya tsaya a kan cewa kowane niyuron zaman kansa yake yi. Tsakaninsu akwai ɗan rata, sunan mahaɗar sinaps. Idan lantarki ya iso bakin ratan, sai a saki wani sinadari ya tsallaka, ya ƙwanƙwasa ƙofar na gaba.

To a nan karatu yake zama. Abin da kake kira "na haddace" ƙarfafar waɗannan mahaɗu ne, kamar ƴar turba a jeji, yau da gobe ana bi har ta zama hanya. Eric Kandel, wanda ya samu Nobel a 2000, ya nuna bambanci biyu a jikin wata dabbar teku. Tuni na ɗan lokaci gyara ne kawai ga abin da ke wurin. Tuni mai daɗewa kuwa sai ƙwayar ta ƙera sabbin furotin, ta tsiro da sabbin mahaɗu. Gini ne, kuma kowane magini ya san ba a cire katako ranar da aka zuba dakin.

Barci na daga cikin lokutan da wannan ginin yake kamawa. Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa, hifokamfus, da ke fara riƙe sabon abu. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka gano cewa ƙwayoyin hifokamfus ɗin ɓera da suka yi aiki tare yana yawo a farke, su ne suke sake yin aiki tare yana barci. Wato kana kwance ƙwaƙwalwarka na yi maka tilawa. Wanda ya hana ta barci ya yi rubutu a allo, ya fita da shi cikin ruwan sama.

Sai maganar shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari. Muddin kana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ido ya yi nauyi. Kafeyin ba ya kwashe shi, toshe ƙofar da yake shiga kawai yake yi. Bashi ne, yana nan yana jiranka, kuma sau da yawa a zauren jarrabawa yake zuwa karɓa. Ka ga tambaya, ka san ka karanta, har shafin kana gani, amma amsa ta ƙi fitowa.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne mai haɗawa da tiramadol don "ya daɗe a zaune". Ɗan uwa, wannan ƙwayar kai tsaye take shiga harkar sinaps. Idan ta saba zuwa, ƙwayoyin jijiya sukan rage amsa mata, sai ka buƙaci ƙari, sai ka kasa zama ba ita. Yawanta yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Keri-oba ana gyara shi baɗi. Wannan fa?

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Da rana lakca, ɗaki mutum ya fi shida, zafin Bauchi a watan Afrilu ba ya barin kai ya ɗauki komai, wani kuma sai ya yi kabu-kabu ko ya zauna shago kafin ya ci. Dare ne kaɗai ke da sanyi da shiru. Ban ce a daina karatun dare ba. Cewa na yi dare yana da rabo biyu, kada karatu ya cinye na barci.

Mu ma ba baƙin wannan ilimi ba ne. Ku tuna makarantar allo. Malam ba ya ƙara maka sai ka biya na jiya. Kaɗan-kaɗan, safe da yamma, a koma baya a yi tilawa, da ka, ba da kallon allo ba. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885 cewa maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya zama a kai. Alarammominmu sun riga shi aiki da haka, shi ya sa dattijo ɗan shekara saba'in ke jawo abin da ya haddace yana yaro, mu kuwa kwas ɗin zangon da ya wuce ya bi ruwa.

Shawarata ga ƙannena 'yan aji ɗaya da biyu: ku fara da wuri, ko shafi biyar a rana. Bayan kun karanta ku rufe takarda ku tambayi kanku, ko ku biya wa aboki. Ku tashi daga aji sha biyun dare, ku samu barcin awa bakwai idan da hali, ko da za a cike da ƙailula. Daren jarrabawa kuwa shi ya fi kowane dare buƙatar barci.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da awaki sun biya rajista. Kada mu je mu zube a kan takardar amsa saboda a ce mana gwanaye a hostal.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, mu tattauna. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya sa albarka a abin da muka karanta.