Ƙididdiga a jami'a: harda muke so ko fahimta?

Ran 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari da labarin cewa an karya darajar kuɗin sefa da kashi 50 cikin 100. Mutane da yawa, har da masu takardun ilimi a aljihu, sun ɗauka kayan da ake shigowa da su daga Faransa za su ƙaru da rabin kuɗinsu ke nan. Ƴan kasuwar Maraɗi ba su yi wannan kuskure ba. Sun ji an ce faran ɗaya na Faransa, wanda jiya yake sefa 50, yau ya koma sefa 100, nan take suka gane cewa kayan jika biyar sun zama na jika goma. Ragin kashi 50 a wannan gefe, ƙarin kashi 100 ne a wancan gefe. Alhazan da ba su taɓa zama kan bencin lakkol ba sun riga ma'aikatan ofis gane lissafin.

Mun tuno da wannan ne saboda wani darasi da dubban ƴaƴanmu ke ɗauka a shekarar farko ta jami'a, wato darasin ƙididdiga. Mai karatun tattalin arziki yana yin sa, haka mai karatun aikin gona, da na likita, da na halayyar zaman jama'a. A da jami'a guda ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992. Yanzu ga ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, ga ta André Salifou a Damagaram, ga ta Djibo Hamani a Tawa, ban da na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ɗalibai sun yawaita, alhamdu lillahi. Tambayarmu ita ce: me suke fitowa da shi daga wannan darasi?

Abin da aka saba gani ba ɓoyayye ba ne. Malami ɗaya, ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda, allo cike da haruffan Girka. Ɗalibi ya kwafe ƙa'idar fitar da matsakaici da ta auna bambanci, ya hardace su kamar mai shirin sauka, ya zuba su a takardar jarrabawa, bayan wata biyu ya manta. Misalan ma sau da yawa daga littattafan Faransa ake ɗebo su: albashin ma'aikatan wata masana'anta da yaron bai taɓa gani ba, ko tsawon ran ƙwan lantarki. Ba mu ɗora wa malamai laifin duka ba. Wanda aka haɗa da aji irin wannan, babu kwamfuta, shekarar karatu kuma tana cin ta bayanta, dole ya nemi hanya mafi sauƙi. Amma ɓarnar da ke biyo baya ta kowa ce.

A tuna da 2005. Daminar 2004 ta zo da fari da fara, aka ƙiyasta giɓin cimaka na ƙasa da wajen tan dubu 223, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na buƙatar ƙasa ba. A kan takarda, wannan ba bala'i ba ne. Mun sha ganin shekarun da suka fi shi muni. Magabata suka dogara da wannan adadi, suka ci gaba da sayar da hatsi a farashi mai rahusa maimakon rabawa kyauta, har sai da damina ta yi nisa. Alhali a kasuwa kuɗin buhun hatsi ya haura inda talaka ba ya iya kaiwa, ga na dabbobi ya faɗi. Kuma ina aka fi kwantar da yara masu tamowa? A jihar Maraɗi, rumbun ƙasa! Adadin ƙasa baki ɗaya bai yi ƙarya ba. Abin da ya yi shi ne ya haɗa gidan da rumbunsa ke cike da gidan da ya cinye nasa tun watan huɗu, ya raba biyu, ya ce kowa na da rabi. Wannan shi ne darasi na farko a kowane littafin ƙididdiga: matsakaici yana rufe bambanci. Idan Alhaji mai tireloli ya zauna cikin masu tura baro tara, matsakaicin samun mutum goman nan zai yi kyau a rahoto, amma tara daga cikinsu ba su san shi ba.

Haka siyasa. A ƙuri'ar raba gardama ta tazarce a 2009 an ce sama da kashi 92 sun amince. A zagaye na biyu na zaɓen 2016 ma an ba wanda ya ci sama da kashi 92. Duka biyun ƴan adawa sun ƙaurace. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa ba zai tsaya gardamar ko adadin gaskiya ne ba, zai fara da tambaya: kashi 92 na su wa? Na ƴan ƙasa, na waɗanda suka yi rajista, ko na waɗanda suka fito? Ƙasar da masu iliminta ba su saba da wannan tambaya ba, kowane mai mulki, farar hula ko soja, zai iya rufe mata baki da lamba.

Abin takaici shi ne kayan koyarwar suna nan a gida. An ƙidaya jama'ar Nijar sau huɗu tsakanin 1977 da 2012: miliyan 5 da ɗoriya a 1977, miliyan 7 da ɗoriya a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012. Tsakanin ƙidaya biyun ƙarshe ƙaruwar ta kai kashi 3.9 cikin 100 a shekara. A ba ɗalibi wannan adadi ya gano da kansa cewa jama'a mai ƙaruwa haka tana ninkawa cikin shekara 18, sa'an nan a ce ya lissafa azuzuwa nawa, rijiyoyi nawa, gadajen asibiti nawa garinsu zai buƙata. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da aka kafa a 2004, tana da rahotanni jibge. Tsarin SIMA ya shekara aru-aru yana tattara farashin hatsi, dawa da wake a kasuwanninmu. Cibiyar AGRHYMET ta ƙasashen Sahel, mai bin diddigin ruwan sama, a Yamai take tun 1974. Me ya kai mu ga ƙwan lantarkin Faransa?

Ko batun ɗaukar samfuri, wanda ɗalibai suka fi tsoro, ɗan kasuwar hatsi ya san shi tun yana yaro. Ba ya zazzage buhu ɗari kafin ya saya. Yana soka ƙarfe a wasu daga ciki, sama da tsakiya da ƙasa, don ya san mai algus bisa yake ɗora mai kyau. Kuma ba ya yarda mai kaya ya zaɓa masa buhun da zai soka. Da wannan hikima ce binciken lafiyar iyali na 2012 ya tambayi mata wajen dubu 11, ya fitar da cewa mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici. Malamin da ya fara daga buhun hatsi, ko da Hausa ko da Zabarmanci na minti biyar, kafin ya koma ga Faransanci da haruffan Girka, bai rage darajar jami'a da komi ba.

Don haka muna kira ga shugabannin jami'o'i su sake fasalin jarrabawar wannan darasi. Rabin maki ya tafi ga aikin fili: ɗalibai biyar biyar su bi farashin tiyar hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ko babbar kasuwar Maraɗi, tsawon mako takwas, su rubuta shafi biyu da mutumin da ba masani ba zai karanta ya gane. INS ta sauƙaƙa wa malamai samun alƙalumanta ba tare da doguwar wasiƙa ba. Ministocin da ke ɗaukar waɗannan yara aiki su ma su sa baki, tunda su ne za su karɓi rahotanninsu gobe.

Ku kuma ƴan kasuwa, mun san dalilin da ya sa gabanku ke faɗuwa in kun ga yaro da takarda da biro a bakin rumfa: kun ɗauka mutumin lanho ne ko na duwan. Sai jami'o'i su bi ta hannun shugabannin kasuwa, a gabatar da yaran, a yi alkawarin ba za a rubuta sunan kowa ba. In an yi haka, ku buɗe musu. Cikinsu ne za a sami wanda nan da shekara goma zai sa hannu a takardar da ke cewa akwai yunwa a jiharku ko babu.