Zuwa ga kanikawa da masu waldan Gure: kafin a biya kuɗin tirelar soja

 

Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disamban 2023, na Amurka suka bi bayansu a 2024, dillali kuwa ba ya rasa bakin magana. Kowace ƙaramar tirela mai koren fenti, yana iya rantsuwa daga sansanin Agadas ta fito. Mai fataucin kanwa daga Gidigir ko mai kai ruwa rugage a hanyar Tasker ba zai gane ba, shi ya sa yake ɗaukar bakanike su tafi Damagaram tare. Ranar da ta tsaya a rairayi, sunan bakaniken za a kira.

Abin da za a fara nema shi ne ɗan farantin ƙarfe da aka manna a jikin shasi, galibi ta gaba. Kayan ƙasashen ƙungiyar NATO suna ɗauke da lamba mai alƙaluma 13. Ta tirela tana farawa da 2330, biyun da ke biye kuma su ne ƙasa: 00 ko 01 Amurka, 14 Faransa, 99 Ingila, 12 Jamus. A farantin ake ganin samfuri da nauyin da aka ƙayyade mata. Idan an ga ramuka huɗu babu faranti, sai a tambayi wanda ya cire da dalilinsa.

Samfurin ne ke faɗin motar da za ta ja ta. M416 ta Amurka an yi ta ne don ƙaramar jif, kayanta bai wuce kilo 250 ba a daji, wato buhu biyar masu kilo 50. M101 tana ɗaukar wajen kilo 700, kuma Land Cruiser za ta iya da ita. M105 ce mai jan ido, ga faɗi ga tsawo, ita ce kuma tarkon. Ba a ɗora mata komai ba ta haura tan ɗaya, tayarta mai inci 20 ce ta babbar mota, birkinta kuma iska yake nema daga motar da ke gaba. A ɗaura ta a bayan Hilux, a kwalta ta tura motar a gangara, a tudun rairayin Kelle ta binne ta.

Sai mahaɗi. Na soja zobe ne mai kauri da ke shiga ƙugiya, ba ya hawa ƙwallon milimita 50 na motocin farar hula. A juya zoben da hannu, a duba ko ya suɗe ko an taɓa ɗinke shi da walda. Wanda aka ɗinke ba abin yarda ba ne, komai kyan ɗinkin. Wutarta ma bolt 24 ce, a batirin 12 fitilun sai ɗan ja kamar garwashi, dole a sake ƙwayaye da soket.

Taya tana cin kuɗi fiye da yadda ake zato. Tirelar da aka yi wa Humvee, M1101, wilinta inci 16.5 ne, tayar inci 16 da ta cika kasuwa ba ta zama a kansa, kuma in aka tilasta ta tana iya fashewa a fuskar mai faci. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke jikin taya mako ne da shekara: 2309 na nufin mako na 23 a 2009. Zanen taya na iya zama sabo fil alhali robar ta tsattsage a rana.

Daga nan a ɗaga ta da jak, a girgiza ƙafa, a saurari boris. A bi shasi da guduma, musamman inda sifirin ya kama. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ya yi dum. Wadda za ta yi dakon kanwa tana buƙatar shimfiɗar katako ko leda mai kauri, don kanwa da ɗan danshi ba sa barin ƙarfe.

Mai tanki a bayanta, irin M149 mai ɗaukar lita kusan 1,500, a buɗe murfi a shinshina. In ta taɓa ɗaukar fetur ko gazuwal, ba ta ruwan sha ba ce, kuma mai walda kada ya kusance ta da wuta, tururin da ya rage a ciki ya isa ya tarwatsa rumfar. Fentin sojan Amurka ma ƙurarsa da hayaƙinsa na illata huhu, a kankare shi a fili, da hanci a rufe.

Takardu kuwa, a 2015 aka sa jihar Diffa cikin dokar ta-ɓaci, kuma hanyar da ta ratsa Gure can ta nufa. Jandarma a shinge zai so ganin takardar gwanjon gwamnati ko ta duwan, da lamba iri ɗaya da ta farantin. Wanda ya saya ya goge lambobin rundunar da ke jikin akwatin, ya bar farantin inda yake, ya sake mata fenti fari ko shuɗi kafin ta hau titi.